Mabushin Sahun Tsakiya: Labarin Rayuwata da Ƙahon Turombon

An haife ni a farkon shekarun 1950 a birnin New Orleans na jihar Louisiana da ke kudancin Amurka, a unguwar Tremé, wadda take cikin tsofaffin unguwannin baƙar fata na ƙasar baki ɗaya. Mahaifina ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Kogin Mississippi, mahaifiyata kuma wanki da guga take yi wa mutane, in Lahadi ta zo ta shiga sahun mawaƙan coci. Babu makaɗi ko mabushi a zuri'armu, sai dai a unguwar da na tashi yaro ba ya bukatar gado kafin kiɗa ya kama shi, domin daga ƙofar gidanmu tafiya kaɗan ce zuwa Dandalin Kongo, filin da bayi suke taruwa ranar Lahadi tun kafin a 'yanta su, su buga ganguna su yi rawa irin ta ƙasashen da aka kwaso kakanninsu. Abin da aka shuka a wannan fili yana cikin tushen kiɗan jaz, kuma ni a cikinsa na buɗe ido.

A lokacin ƙuruciyata kiɗan ya fi fitowa titi ne ranar jana'iza da ranar faretin ƙungiyoyi. Kamfanonin inshora na da can ba su cika karɓar baƙar fata ba, saboda haka mutanenmu suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu, in ciwo ya kwantar da shi a kula da shi, in ya cika a yi masa sutura a kuma ɗauko 'yan badujala su raka shi. Daga coci zuwa maƙabarta waƙoƙin ibada ake busawa a hankali, ana taku ɗaiɗai, amma da zarar an rabu da gawa an yi 'yar tazara sai mai ganga ya sake salo, kiɗa ya yi zafi, jama'ar da ke biye su ɓarke da rawa, wasu da laima wasu da hankici. Sa'o'ina duk mai turampet suke kallo, saboda shi ke ɗauke da waƙar da kowa ya sani. Ni kuwa idona yana kan masu turombon, waɗanda ake sakawa a sahun gaba don kada dogon bututunsu ya zunguri ƙeyar wani. Sai da na girma na gane cewa a titi ne kawai ake sa mu gaba, kuma ba don girmamawa ba ne.

Yadda ƙahon ya zo hannuna babu wani abin mamaki a ciki. Malamin kiɗa na makarantarmu ya jera mu ya dubi kowa, ya ga hannuwana sun fi na sauran yara tsawo, sai ya miƙo mini wani tsohon turombon na makaranta wanda ya sha lotsawa. Mahaifina bai yi murna ba, domin ya san makaɗa da yawa kuma ya san yadda aljihunsu yake. Duk da haka, da ya ga na dage, ya je shagon jingina ya sayo mini nawa na kaina, yana biya da kaɗan-kaɗan daga ladan dako, ya kuma kafa mini sharaɗin cewa ranar da na bar karatu ranar zai mayar da shi.

Wanda bai taɓa riƙe wannan ƙaho ba zai yi wuya ya fahimci rayuwar mai busa shi, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Turombon bututun tagulla ne wanda in aka miƙe shi zai kai kusan mita 2.7, an lanƙwasa shi gida biyu, kuma irin wanda masu jaz suka fi riƙewa ba shi da maɓalli ko ɗaya. Turampet yana da maɓallai uku, saksofon yana da su birjik, fiyano kuma kowane sauti yana da gurbinsa, in ka danna ya fito. Mu abin da muke da shi bututun ja ne, wanda hannun dama yake turawa waje ya kuma jawo ciki, yana da matsaya bakwai, kowace tana sauke sauti da rabin mataki. Babu zane, babu alama, babu abin da zai tsayar da hannunka ya ce maka nan ne. Sauran aikin na leɓe ne, domin leɓɓa ne suke karkarwa a cikin ɗan kofin bakin ƙahon su haifar da sauti, in ka matse su sauti ya hau, in ka sassauta ya sauka. Saboda haka mai turombon da kunne yake tafiya, in kunnensa ya yi barci na daƙiƙa ɗaya kowa a zauren zai ji. Ko bututun ma sai da lallashi, domin ƙaramar lotsawa tana iya riƙe shi, kuma a zamaninmu man shafawar fuska na mata muke goga masa mu fesa ruwa don ya yi santsi.

Wanda ya koya mini ainihin sana'ar ba malamin makaranta ba ne, wani dattijo ne maƙwabcinmu, magini mai aikin filasta, wanda yake busa a ƙarshen mako kamar yadda akasarin makaɗan garin suke haɗa kiɗa da wata sana'ar hannu. Ranar da na fara zuwa wurinsa na busa masa waƙa daga farko har ƙarshe ina jiran yabo, sai ya ce, “Ɗana, wannan aikin mai turampet ne ka yi, ina naka?” Na ce, “Baba, ai waƙar ke nan.” Ya ce waƙa ta mai turampet ce, ado daga sama na mai kilarinet ne, ni kuma aikina in tsaya a ƙarƙashinsu, in amsa inda suka yi shiru, in nuna musu inda kiɗan zai karkata tun kafin ya karkata. Ya kan sa ni in ajiye ƙahon in zauna in saurari faifai, in rera abin da turombon ke yi da bakina, sai na rera daidai sannan ya bar ni in ɗauka. A lokacin ina ganin wahalar da ni yake yi. Gishirin miya, in ji shi, ba a ganinsa a kwano, amma ranar da aka manta da shi kowa sai ya tambaya.

Daga bakinsa na fara jin labarin Kid Ory, mai turombon ɗin da aka haifa a garin LaPlace kusa da New Orleans a 1886, kuma wanda ya fi kowa kafa wannan salo na tsaya-a-ƙasa. A zamaninsu ana ɗora makaɗa a kan keken doki a zaga gari ana tallar wasan dare, mai turombon kuma a can baya yake zama, an sauke murfin keken don bututunsa ya sami sarari. Ory ya jagoranci ƙungiyar da King Oliver da Louis Armstrong suka yi busa a cikinta, a 1922 kuma a Los Angeles ƙungiyarsa ta zama ta farko cikin ƙungiyoyin jaz na baƙar fatar New Orleans da aka naɗa a faifai, sannan daga 1925 ya yi aiki da Armstrong a Chicago. Ban ga Ory da idona ba, amma na ga Jim Robinson a Preservation Hall, ɗan zauren nan da aka buɗe a 1961 a titin St. Peter don tsofaffin makaɗa su sami wurin busa. Robinson ba ya yin sautuka da yawa, amma kowane ɗaya in ya sake shi sai ka ga ƙafafun mutane sun motsa.

Sai dai samartaka ta zo da nata ra'ayin. A tsakiyar shekarun 1960 ana cikin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, da yawa daga cikinmu muna kallon kiɗan tsofaffi a matsayin abin nishaɗantar da baƙi 'yan yawon buɗe ido. A 1966 kuma aka fara sare manyan itatuwan titin Claiborne, inda nan ne kasuwarmu da dandalin bikinmu, aka ɗora babbar hanyar mota a kai, unguwar ta rabe biyu, shaguna suka yi ta mutuwa. A cikin wannan yanayi wani abokina ya kunna mini faifan J. J. Johnson, ɗan Indianapolis da aka haifa a 1924. Tun da Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka kawo salon bibop a shekarun 1940, mai gudu da sarƙaƙiya, mutane suka yanke cewa turombon ya zama tsohon yayi, domin hannu ba zai iya tseren da yatsu suke yi ba. Johnson ya ƙaryata su, yana busa da sauri da tsafta har wasu masu sauraro suka rantse cewa ƙaho mai maɓalli yake riƙe. Asirinsa shi ne sarrafa harshe da sanin cewa sauti ɗaya yana iya fitowa a matsaya fiye da ɗaya, saboda haka sai ka zaɓi mafi kusa, hannu ya yi gajeriyar tafiya. Na duƙufa a kan wannan salo dare da rana, na rage zuwa wurin dattijon, shi kuma bai ce mini uffan ba.

Da aka kira ni aikin soja na tilas, wanda ba a daina shi ba sai a 1973, Allah ya taimake ni aka saka ni a badujalar soja, a can kuma na ƙware da karanta rubutun kiɗa a kallo ɗaya. Wannan ƙwarewa ita ta ciyar da ni fiye da duk wata fasaha da nake taƙama da ita.

Bayan na tuɓe kaki na nufi New York a tsakiyar shekarun 1970, ina zaton birnin yana jirana. Na tarar da kiɗan jaz yana cikin fatara, samari sun koma wasu kaɗe-kaɗen, gidajen rawa da dama sun rufe. A nan na fahimci matsayin ƙahona a kasuwa. Ƙaramar ƙungiyar jaz ta saba da mabusa biyu, turampet da saksofon, turombon shi ne na uku, kuma in kuɗi ya gaza na ukun ake fara sallama. Ko Curtis Fuller, wanda ya tashi a gidan marayu a Detroit ya kuma yi busa da John Coltrane a 1957, sai da Art Blakey ya faɗaɗa ƙungiyarsa zuwa mutum shida a 1961 sannan gurbin turombon ya zauna a cikinta. In irin wannan gwani sai an ƙara kujera kafin ya zauna, ina ga ni baƙon da ya sauko daga bas da akwati ɗaya?

Waɗanda suka rufa mini asiri su ne makaɗan salsa, 'yan asalin Puerto Rico da Kyuba da ke unguwannin Bronx da gabashin Harlem. Tun da Eddie Palmieri ya kafa ƙungiyarsa ta La Perfecta a 1961 da turombon a sahun gaba, Barry Rogers yana jan ragama, sannan Willie Colón ya biyo baya, wannan kiɗa ya zama mai ƙishirwar masu turombon. Sai dai aikin ba na rago ba ne. Ana busa da ƙarfi iya ƙarfi a saman ganguna da ƙararrawa, ana maimaita jimla ɗaya har sai masu rawa sun gaji, kuma masu rawar nan ba sa gajiya kafin asuba. Na sha komawa gida da leɓe a kumbure, in jiƙa tsumma da ruwan ƙanƙara in ɗora. Amma a can na sake haɗuwa da abin da na baro a gida ban sani ba, wato busa don ƙafafun mutane, da kuma amsa wa mawaƙi a inda ya numfasa.

A daren Litinin, lokacin da gidajen wasan Broadway suke hutu, makaɗa sukan haɗu a manyan ƙungiyoyi su yi kiɗan da ransu yake so, al'adar da Thad Jones da Mel Lewis suka ƙarfafa a gidan kiɗan jaz na Village Vanguard tun 1966. Ni ban kai ga shiga tasu ba, amma na zauna a wasu irinta, yawanci a madadin wanda uzuri ya hana zuwa. Tsarin zaman babbar ƙungiya shi ne masu saksofon biyar a gaba, masu turampet huɗu a baya, mu huɗu a tsakiya. Wanda ya zauna a wannan sahu yana jin komai, yana jin yadda marubucin kiɗan ya saƙa muryoyi, kuma shi ke ɗinke na gaba da na baya, amma ƙarar turampet tana sauka ne kai tsaye a ƙeyarsa, kuma kunnena na hagu har yau yana biyan bashin waɗannan shekaru. Na fi yin kujera ta biyu ko ta uku, inda aikinka shi ne ka narke a cikin sautin na kusa da kai har a kasa bambanta ku. Wasu mabusa suna ganin wannan ƙasƙanci ne. Ni ban taɓa jin daɗi a duniya irin na lokacin da ƙaho huɗu suka daidaita suka zama murya ɗaya ba.

Maganar abinci kuwa, gara in faɗe ta yadda take, domin matasa suna ganin hoton mutum a bangon faifai su ɗauka ya huta. Kid Ory da kansa ya ajiye ƙaho a shekarun karyewar tattalin arziki na 1930 ya koma kiwon kaji, sai a shekarun 1940 ya dawo. J. J. Johnson, a daidai lokacin da ake kiransa sarkin ƙahon, ya bar kiɗa daga 1952 zuwa 1954 ya kama aikin duba zanen injiniyoyi a wani kamfani, daga baya ma a 1970 ya koma Los Angeles yana rubuta kiɗan fina-finai da talabijin. Melba Liston, wadda ta yi busa da Gillespie ta kuma tsara wa Randy Weston kiɗa na tsawon shekaru, ta taɓa barin fage ta koma aikin ofis, a shekarun 1970 kuma ta tafi Jamaika koyarwa. Slide Hampton ya yi zamansa a Turai daga 1968 har 1977 saboda a can aka fi sanin darajarsa. Ni ma na tuƙa tasi, na yi busa a bukukuwan aure da cikin jiragen ruwan shaƙatawa, na busa tallar sabulu a sutudiyo. Matata ma'aikaciyar jinya ce, kuma albashinta ne ya riƙe gidan a watannin da waya ba ta yi ƙara ba. In rani ya yi mukan tsallaka Turai, Faransa da Holan da Suwizalan, inda ake bukukuwan jaz irin na Montreux, a karɓe mu kamar sarakuna, mu dawo gida mu tarar da takardar kuɗin haya tana jiranmu. 'Ya'yana sun yi wayo da uban da rabin shekara murya ce a waya, wannan kuwa babu tafin da ya biya shi.

Muryata ta kaina ban same ta ba sai da na haura shekara talatin, kuma wata mawaƙiya ce sanadi. Ta ɗauke ni aiki ta ce ba ta son gudu, tana son wanda zai yi hira da ita. Sai na koma ga robar nan da masu gyaran famfo suke buɗe toshewar magudana da ita, wadda mabusa suke cire mata sanda su riƙa rufe bakin ƙaho da ita suna buɗewa. Tricky Sam Nanton, wanda ya yi shekara ashirin a ƙungiyar Duke Ellington har rasuwarsa a 1946, shi ya kai wannan dabara ƙoli, yana sa ƙaho ya yi kuka da guna-guni kamar mutum yana son furta kalma, Al Grey kuma ya ci gaba da ita a wurin Count Basie. Da na fara amsa wa mawaƙiyar da wannan roba, ina jira ta gama jimla in sa baki, sai na ji muryar maginin unguwarmu a kunnena, alhali ya daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙansa. A ra'ayina turombon ya fi kowane ƙaho kusa da maƙogwaron ɗan Adam, domin yana iya zamewa daga sauti zuwa sauti ba tare da tsalle ba, kamar yadda murya take yi, kuma mabushin da ya zubar da wannan baiwa don ya yi tsere da saksofon ya yi asarar abin da shi kaɗai yake da shi. Ba ina aibata salon Johnson ba ne. A 1988, bayan ya dawo fage, na je na saurare shi a Village Vanguard, kuma abin da ya girgiza ni a daren ba saurinsa ba ne, yadda yake barin sarari ne tsakanin jimloli, da yadda sauti ɗaya tak yake cika ɗakin. Mu almajiransa na nesa gudun muka kwafa muka bar natsuwar.

A shekarun 1980 na'urorin lantarki masu kwaikwayon sautin kayan kiɗa suka shigo sutudiyo, mutum ɗaya da allon maɓallai yana yin aikin da a da sai an kira mabusa takwas. Aikin talla ya ƙafe. Ana cikin haka ciwon dasashi ya kama ni, haƙoran gaba suka fara girgiɗi. Ga wani wannan ƙaramar lalura ce, amma ga mabushi haƙoran gaba su ne bangon da leɓe yake jingina da shi, in sun motsa ko da kaurin gashi ne komai ya sauya. Ba ni da inshorar da za ta ɗauki nauyin aikin, kamar yadda akasarin makaɗa masu zaman kansu ba su da ita, na yi ta jinkiri har aka cire su. Da aka sa mini na roba na ɗauki ƙaho na busa, iska ce kawai ta fito. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, wanda ya zaga duniya da ƙaho, ya koma yana jan dogon sauti ɗaya a ɗaki kamar ɗan koyo, yana addu'a kada maƙwabta su gane shi ne. Sautin ya dawo sannu a hankali, amma na can sama bai dawo duka ba har yau.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A ƙarshen shekarun 1990 muka tattara muka koma New Orleans, na tarar da kiɗan da muka raina ya yi sabon jini. Danny Barker ya tara yara a cocin Fairview Baptist a 1970 ya koya musu kiɗan badujala, daga wannan tsatso kuma aka sami ƙungiyar Dirty Dozen a 1977, ƙungiyar Rebirth ta biyo baya a 1983, suna gauraya tsohon salo da kiɗan zamani. Yara sun cika titi da turombon, cikinsu har da Troy Andrews da aka haifa a 1986, wanda ya fara busa tun ƙahon ya fi shi tsawo, duniya ta san shi da Trombone Shorty. A 1998 aka buɗe asibitin kula da makaɗa a garin, abin da da an yi shi tun da wuri da mabusa da yawa ba su ajiye ƙaho ba. Na sami gurbi a wurin masu tsohon salo, na koma yin aikin da aka fara koya mini, kuma ƙarancin sautin sama bai dame ni ba tunda a ƙasa ake bukatata.

Ranar 29 ga Agusta 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta sauka, ganuwar tare ruwa ta karye a wurare da dama, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutane fiye da 1,000 suka rasa rayukansu. Mun fita tun kafin ta iso, da kayan kwana biyu da ƙahona, muna zaton za mu dawo cikin mako. Gidanmu na unguwar Gentilly ruwa ya kai rufi. Faifan da na tara tun ina saurayi, da rubutun kiɗan da na yi da hannuna, da hotunan tafiye-tafiye, da tsohon ƙahon da mahaifina ya saya mini, duk sun tafi. A Houston muka yi zaman gudun hijira, inda na riƙa haɗuwa da 'yan garinmu muna busa wa mutanen da suke kuka suna rawa a lokaci guda. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba dukiyar ba ce, warwatsuwar unguwanni ce, domin kiɗanmu ba a makaranta aka fi koyonsa ba, a baranda ne da bakin titi, yaro yana bin babba. In maƙwabta suka watse, sarƙar ta tsinke. Shi ya sa na ga hikimar su Harry Connick Jr. da Branford Marsalis, makaɗa 'yan garinmu, da suka tsaya aka gina wa makaɗa rukunin gidaje a unguwar Upper Ninth Ward, kuma shi ya sa da muka dawo na mayar da koyar da yara babban aikina.

Ina koyar da su yadda aka koya mini, su rera kafin su busa, su saurari na kusa da su kafin su saurari kansu, amma ina haɗa musu da karatun rubutun kiɗa da tsara shi, saboda na san wanne ne yake biyan haya. Yanzu gwiwoyina ba sa ɗaukar faretin awa huɗu, don haka a zaune nake busa, a ƙananan zauruka, ina kuma rubuta wa ƙungiyoyin makarantu kiɗa, inda nake ba sahun turombon abin yi na gaske maimakon dogayen sautukan da ake jibga musu. Cikin ɗalibaina wadda ta fi kowa kunne yarinya ce da aka kawo mini tana ƙarama, hannunta ba ya kaiwa matsaya ta shida balle ta bakwai, har sai da muka ɗaura wa bututun zare tana sake shi tana jawowa. Iyayenta sun yi shakka ko wannan ƙaho ya dace da mace, na ba su labarin Melba Liston, wadda ta zaɓe shi tana da shekara bakwai, kuma ko bayan shanyewar ɓarin jiki ta same ta a 1985 ta ci gaba da tsara kiɗa da kwamfuta har kusan rasuwarta a 1999. Yarinyar nan yanzu tana New York, tana zaune a kujera ta biyu a wata babbar ƙungiya, tana kuma koyarwa da rana. Takan kira ni ta ce, “Baba, na sami aikin tafiya Turai,” tana jiran in tambaye ta waɗanda za ta yi busa da su, ni kuwa tambayar da nake fara yi mata ita ce ko ta biya kuɗin inshora, da kuma yaushe rabonta da likitan haƙori.